Tambaya da Amsa kan Kwamfuta: "Rumbu ya ɗauke, netwok ya ɗauke, HA ko gezau"

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ya aiki, ya iyali? Ni ne mai kula da kwamfutoci a wani asibitin kuɗi a Kaduna. Muna da saba uku, wato manyan kwamfutocin da ke ɗauke da aikin asibitin, masu ESXi, manhajar kamfanin VMware da ke raba saba ɗaya zuwa kwamfutoci da yawa da ake kira VM. A kansu akwai VM goma sha huɗu, kuma dukkan bayanansu suna cikin akwatin ajiya guda ɗaya da muke haɗawa ta iSCSI, wato ta wayoyin netwok. Wata Talata da azahar aka ɗauke wuta, janareta ya ƙi tashi sai da aka yi kusan minti ashirin ana fama da shi. Sabobin ba su mutu ba, domin suna kan babban UPS. Suwic ɗinmu, wato na'urar da duk wayoyin netwok ke haɗuwa a kanta, da akwatin ajiyar ne ke kan ƙaramin UPS, ashe batirinsa ya daɗe da yin sallama ban sani ba. Da wuta ta dawo na leƙa kowace saba, na ga VM ɗin duk a kunne, amma babu mai aiki. Masu Windows sun yi shuɗin allo, mai Linux ɗin da ke riƙe da bayanan marasa lafiya kuma ta ƙi karɓar rubutu. Da hannuna na bi su ɗaya bayan ɗaya, sai bayan la'asar aka dawo aiki, masu karɓar kuɗi har sun koma biro da takarda. Yanzu mai asibitin ya tsare ni da tambaya: ina amfanin HA (High Availability) ɗin da muka biya wa kuɗin lasisi, wato tsarin da aka ce zai tayar da VM da kansa in an sami matsala? Ni kaina na rasa amsa. Ko lalatacce aka sayar mana?

*Daga wani mai karatu a Kaduna*

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Sannu da wannan rana, na san irinta. Ba lalatacce aka sayar muku ba. HA ɗinku ya yi abin da aka gina shi ya yi, wato ya tsaya cik a lokacin da bai da tabbacin komai. Laifin yana wajen ƙaramin UPS ɗin nan da suwic guda ɗaya, kuma zan nuna maka yadda aka yi.

Bari in fara saboda masu karatun da ba 'yan wannan sana'a ba. Ka ɗauki saba a matsayin gidan haya, kowace VM kuma 'yar haya ce, kwamfuta cikakkiya da ke zaune a cikin wata kwamfutar. 'Yan hayar nan ba sa ajiye kayansu a ɗaki. Akwai rumbu ɗaya a waje, wato akwatin ajiyar nan, da gidaje ukun suka yi tarayya a kansa, nan kowa ke zuba nasa. Aikin HA shi ne in gida ɗaya ya rushe, ya kwashi 'yan hayarsa ya ba su ɗaki a gidajen maƙwabta, tunda dai kayansu na nan lafiya a rumbu. Ka lura, tayar da su yake yi daga farko, kamar kwamfutar da aka zare wa wuta aka mayar. Abin da ke cikin ƙwaƙwalwarta a lokacin ya tafi. Wanda ke ci gaba da aiki ba tare da ko ƙiftawa ba wani tsari ne daban da ake kira FT, shi kuma yana cin ninkin kayan aiki, shi ya sa ba kowa ke kunna shi ba.

To a ranar taku babu gidan da ya rushe. Rumbun ne ya ɓace, hanyar da ke tsakanin gidajen kuma ta toshe. Ina HA zai kai 'yar haya? Gida na biyu ba ya ganin rumbu, na uku ma haka. Ko da ya kashe VM a saba ta ɗaya, babu wadda za ta iya tayar da ita.

Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne yadda HA ke gane cewa saba ta mutu. Tun zubi na 5.0 na vSphere, babban tsarin VMware da ya ƙunshi ESXi da HA, wanda ya fito a 2011, sabobin gungu, wato sabobin da aka haɗa suna aiki tare, suna zaɓen shugaba a tsakaninsu, kuma shugabar tana musayar ɗan saƙo da kowacce a duk daƙiƙa ɗaya ta layin gudanarwa, wato wayar netwok da ake sarrafa sabobin ta cikinta. Wannan saƙon ake kira bugun zuciya. In bugun wata ya ɗauke, shugaba ba ta yanke hukunci nan take. Sai ta leƙa rumbu, domin kowace saba tana da wani ɗan fayil a can, cikin jakar da ake kira .vSphere-HA, da take taɓawa a kai a kai don nuna tana da rai. In alamar rumbu na motsi, an san sabar na nan, wayarta ce kawai ta yanke. In babu bugu ta waya, babu alama a rumbu, ba ta kuma amsa ƙwanƙwasa, wato ɗan saƙon "kina nan?" da ake kira ping, sai a ce ta mutu, a raba 'yan hayarta. Ita ma sabar da ta daina jin 'yan'uwanta tana yin nata binciken: tana ƙwanƙwasa wani adireshi, wanda in ba ka canza ba shi ne na ƙofar fitar netwok ɗinka. In nan ma shiru, sai ta ce ni ce aka ware.

Ka ga shaidu biyu ke nan, waya da rumbu. Hikimar ita ce da wuya su ɓace tare. Kai kuma ka ɗora su biyun a kan suwic ɗaya, suwic ɗin a kan mataccen batiri. Da ya ɗauke, kowace saba a cikin ukun ta tsinci kanta ita kaɗai cikin duhu, ba ta jin kowa, ba ta ganin rumbu, ba ta san ko sauran sun mutu ba ko ita ce ta ɓata. Sai duk suka yi cirko-cirko. vSphere kan zaɓi ma'ajiya biyu don wannan alama ta rumbu, ana iya ƙarawa har biyar, amma in duk a akwati ɗaya suke kuma ta waya ɗaya ake isa gare su, ko goma ne shaida ɗaya ce.

Za ka ce me ya sa ba zai yi kasada ba, ya tayar ko ta halin ƙaƙa? Saboda akwai abin da ya fi tsayawar aiki muni. A ce saba ɗaya ce layin gudanarwarta da na rumbunta suka yanke, amma layin da ma'aikata ke shiga ta nan yana aiki. Kwadon da ta saka a kan fayilolin VM ɗinta a rumbu, don kada wata saba ta taɓa su, zai saki bayan 'yan daƙiƙu, tunda ba ta iya sabunta shi. Sauran za su ce ta mutu, su tayar da VM ɗin a wajensu. Ga sabuwa ta tashi, ga tsohuwa na nan a ƙwaƙwalwar waccan sabar tana amsa kira, adireshinsu ɗaya, lambar katin netwok ɗinsu ɗaya. Mai karɓar kuɗi ya shigar da biya, bai san wacce ta amsa masa ba, wadda ke iya rubutawa a rumbu ko wadda ba ta iyawa. Ba a sarki biyu a gari ɗaya. Duk jinkirin da kake gani a HA, tsoron wannan ne ya haife shi.

Yanzu ga abin da ya sami VM ɗinka. Kwamfutar da aka janye wa faifai tana jira na ɗan lokaci kafin ta fid da rai. In an saka VMware Tools, 'yar manhajar da ake sakawa a cikin kowace VM, Windows kan jira daƙiƙa 60, Linux kuma 180. Taku ta kai minti ashirin. Windows ta faɗi, Linux kuma ta yi abin da ya kamata: ta kulle faifanta ta hana rubutu don kada bayanai su dagule. Ba ta buɗewa da kanta ko rumbu ya dawo. A idon ESXi kuwa duk suna kunne, domin ba wanda ya kashe su. Kada ka ji haushin Linux ɗin nan, ita ta cece ka daga kwana kana ɗinkin bayanan marasa lafiya.

Akwai wani ɓangare na HA da aka yi musamman don ɓacewar rumbu, sunansa VMCP, ya zo da vSphere 6.0 a 2015. Ya raba matsalar gida biyu, kuma rabon yana da ma'ana. Na farko PDL: akwatin ajiyar yana nan da rai, ya kuma buɗe baki ya gaya wa saba cewa wannan faifan babu shi, ba zai dawo ba. Tunda an sami magana daga bakin mai shi, HA na iya kashe VM ɗin nan da nan ya tayar da ita inda ake ganin faifan. Na biyu APD: duk hanyoyin zuwa rumbu sun yi tsit, babu wanda ya ce komai. Ba a san ko daƙiƙa biyar za a yi ba ko kwana biyar. Irin taku ke nan. Wanda ke amfani da NFS ma, wata hanyar haɗa rumbu daban da iSCSI, APD kaɗai zai taɓa gani, domin wancan saƙo na "babu shi" yaren SCSI ne, wanda iSCSI ke amfani da shi, NFS kuma ba ya amfani da shi.

A APD saba tana ƙirga daƙiƙa 140 tukuna. In sun cika, VMCP ya ƙara nasa jiran, wanda aka saita a minti uku. Ka haɗa, minti biyar da daƙiƙa ashirin ke nan kafin a taɓa ko VM ɗaya. Ina faɗin wannan lissafi ne don na sha ganin yaro ya zare waya don gwaji, ya jira minti biyu, ya ce abin ba ya aiki, ya mayar. Bayan jiran kuma akwai zaɓi biyu. Mai taka-tsantsan ba ya kashe VM sai ya tabbatar akwai sabar da za ta karɓe ta. Mai zafin kai yana kashewa ko da netwok ya hana shi jin ta bakin sauran. Ni mai taka-tsantsan nake bari a kusan ko'ina. A ranar taku ma da mai zafin kan ne a kunne, da kashe su kawai zai yi, babu mai tayarwa sai rumbu ya dawo.

Saitin da zai fi yi maka amfani yana nan a ƙarƙashin na APD, kuma mutane da yawa ba sa kula da shi. Shi ne ke cewa in rumbu ya dawo bayan daƙiƙa 140 ɗin sun wuce, alhali VM na nan ba a kashe ta ba, a sake tayar da ita. Da yana kunne, da yawancin zagayen da ka yi da hannu an yi maka shi. Je ka duba da idonka. A 6.0 VMCP a kashe yake zuwa, kuma gungun da aka yi ta ɗagawa daga tsohon zubi yakan riƙe tsohon saitinsa, kowa na zaton wani ya kunna.

Sai batun abin da saba za ta yi in ta gane ita aka ware. Zaɓi uku ne: ta bar VM a kunne, ta kashe su farat ɗaya, ko ta nemi su rufe kansu cikin natsuwa, ta ba su har minti biyar. Yadda yake zuwa shi ne a bar su a kunne. Ga mai iSCSI irinka, inda rumbu da gudanarwa ke bin wayoyi iri ɗaya, ni kashewa farat ɗaya nake zaɓa, saboda sarakuna biyun da na faɗa. Rufewa cikin natsuwa ba ta da amfani ga kwamfutar da ba ta ganin faifanta, me za ta rubuta, a ina? Amma wannan zaɓin gaba kura ne baya siyaki, kuma jikina ya gaya mini.

A 2010 ina kula da sabobin wani kamfani a Kano, lokacin vSphere 4 ne. A wancan zubi daƙiƙa goma sha biyar kawai ake jira, kuma sabar da ta ga an ware ta tana rufe 'yan hayarta. Wata Juma'a da dare na ce bari in sabunta manhajar suwic, aikin minti biyu, in tafi gida. Na danna, suwic ya sake tashi, fitilunsa suka tsaya a ruwan lemo. Tsarin STP, mai hana wayoyi zagaye, yakan riƙe kowace ƙofa daƙiƙa talatin zuwa hamsin kafin ya buɗe ta in ba a saka mata PortFast, saitin da ke buɗe ta nan take, ba, ni kuwa ban saka ba. Ina tsaye da ledar tsire a hannu na ji ƙarar fankokin sabobin na sauka ɗaya bayan ɗaya. Kowacce ta yanke cewa ita aka ware, kowacce ta rufe nata don 'yan'uwa su ɗauka, babu kuma 'yan'uwan. Ba abin da ya lalace a ɗakin, lafiyayyun injina uku suka kashe kamfani guda saboda biyayya. Tsiren nan sai maigadi ne ya ci shi da asuba. Tsarin yanzu ya fi wancan hankali nesa ba kusa ba, amma har gobe ba na taɓa suwic sai na kashe sa-idon HA a kan sabobi, in na gama in mayar.

In za ka zaɓi kashewa, to ka gyara adireshin da ake ƙwanƙwasawa. Ƙofar fitar netwok ba ta gaya maka komai game da rumbu, wani lokacin ma katangar tsaro ce da aka hana ta amsa ƙwanƙwasa. Ka ƙara adireshin akwatin ajiyarka a saitin HA mai suna das.isolationaddress0, akwai gurbi har goma. Sabar da ke iya jin rumbu ba za ta yi gaggawar cewa an ware ta ba.

Duk wannan saiti ne, kuma saiti ba ya haifar da suwic na biyu. Abin da za ka kai wa mai asibitin shi ne wannan. Suwic biyu, kowace saba da waya zuwa kowanne, akwatin ajiyar ma haka, ta yadda rumbu zai sami hanya biyu da ba su haɗu a ko'ina ba. Akwatin nan na tabbata yana da wajen shigar wuta biyu a bayansa. Jeka ka leƙa, zan yi mamaki in ba a soket ɗaya aka cusa su ba, ko ma ɗayan yana lilo ba a jona ba. Ɗaya ya tafi wannan UPS, ɗaya wancan. In kuɗi bai kai a sayi komai ba a wannan watan, yau ɗin nan ka mayar da suwic da rumbu kan babban UPS. In dole wani ya fara mutuwa, gara sabobi su riga rumbu. Saba in ta mutu HA ya san abin yi, rumbu in ya mutu bai sani ba. Batirin UPS kuma a zafin garuruwanmu ba ya kai shekarun da aka rubuta a kwalinsa, balle a ɗakin da na'urar sanyaya ɗaki ke mutuwa tare da wutar gari. Ka buɗe ka taɓa, in ya kumbura kamar burodi ka san sauran.

Ka kuma duba ko akwai wurin saukar baƙi. Saba uku ke gare ka, in ɗaya ta faɗi biyu ne za su ɗauki kayan uku, don haka kashi ɗaya cikin uku na ƙwaƙwalwa da ƙarfin gungun ya zauna a sake. HA na da mai gadin ƙofa da ke hana a cinye wannan rabo, kuma shi ne abu na farko da mutane ke kashewa ranar da ya hana su kunna sabuwar VM.

Daga nan sai gwaji. Ka nemi izini, ka zaɓi daren da asibiti ya yi sauƙi, ka ɗauki agogo da littafi. Zare wutar saba ɗaya, ka rubuta minti nawa VM suka yi kafin su dawo. Zare wayoyin rumbu na saba ɗaya kawai, ka jira minti shida cur, kada hannunka ya yi ƙaiƙayi. Kashe suwic ɗaya. Takardar da za ka fito da ita daga wannan dare ita ce amsar da za ka ba mai asibitin, ta fi duk abin da na rubuta a nan.

Tambaya: Malam barka da aiki. Tunda kuɗin lasisin VMware ya fi ƙarfinmu, mun koma Proxmox, wata manhaja mai aiki irin na VMware, da saba biyu, muka kunna HA. Sai ga shi duk daren da ake kwafin ajiya, sabobin biyu suna sake tashi da kansu a lokaci ɗaya. Aljanu ne?

*Daga wata mai karatu a Abuja*

Amsa: Barka kadai 'yar'uwa. Ba ke kaɗai ba ce a wannan ƙaura, tun da Broadcom ya sayi VMware a Nuwamban 2023 ya kuma daina sayar da lasisin dindindin, ƙananan ma'aikatu da yawa suka bi wannan hanya. Ba aljanu ba ne, ƙuri'a ce. Proxmox yana aiki da rinjaye: kowace saba ƙuri'a ɗaya, kuma sai ɓangaren da ke da fiye da rabi ne ke da ikon ci gaba. A saba biyu, fiye da rabi yana nufin duka biyun. In suka daina jin juna, babu mai rinjaye, kuma sabar da ke ɗauke da VM na HA in ta rasa rinjaye tana da wani agogon tsaro da ke sake tayar da ita bayan kamar daƙiƙa 60. Da gangan aka yi haka, maganin sarakuna biyu ne irin nasu.

Abin da ke raba su a daren kwafi shi ne cunkoso. Corosync, manhajar da ke kai saƙon ƙuri'ar, ba ta cin hanya da yawa amma ba ta jure jinkiri, ke kuma kin haɗa ta waya ɗaya da kwafin ajiya, kamar mai keke a bayan jerin tireloli. Ki ware mata wayarta ita kaɗai, ki ƙara mata ta biyu ta ko-ta-kwana, tun Proxmox 6.0 na 2019 tana karɓar layi har takwas. Sannan ki samo mai ƙuri'a na uku. Ba sai kin sayi saba ba, akwai abin da suke kira QDevice da ke zama a kan 'yar ƙaramar kwamfuta, ko Raspberry Pi ce ta isa. Kada dai ki ɗora shi a matsayin VM a cikin ɗaya daga sabobin biyun, na taɓa tarar da wanda ya yi haka. Kafin ki gama waɗannan, ki cire VM ɗin daga HA, gungun saba biyu ya fi zaman lafiya babu shi.

Tambaya: Tunda muna da HA, akwai buƙatar mu ci gaba da kashe kuɗi a kan kwafin ajiya?

*Daga wani mai karatu a Sakkwato*

Amsa: Akwai, Malam. HA faifai ɗaya yake tayarwa a wani wuri, bai damu da abin da ke cikinsa ba. In ma'aikaci ya goge jakar albashi, ko masu kulle bayanai don neman kuɗin fansa suka shiga, zai tayar maka da VM ɗin cikin minti biyu da ɓarnarta yadda take. Ka ajiye kwafi a wani akwati da ba wannan rumbun ba, wani kwafin kuma a wajen ginin gaba ɗaya, sannan duk wata ka ɗauko VM ɗaya daga kwafin ka tayar da ita ka ga ko tana buɗewa.